Mai Allurar Ruwa

Ruwan fari na bana ya sauka ranar Laraba da la'asar. Bai jiƙa ƙasa tsawon ɗan yatsa ba, amma ya ta da wannan ƙamshi da ke sa tsoho ya manta da ciwon gwiwa. Washegari ina zaune a ƙofar gida sai wani maƙwabcina ya dawo daga kasuwar Tudun Wada da labarin cewa boru ya ɓulla a rugagen bakin dajin Falgore. Boru shi ne ciwon baki da kofato na shanu, kuma maƙwabcin nawa ya san abin da sunan yake tayar mini, shi ya sa yana faɗa yana kallona ta wutsiyar ido. Na ce masa ya yi wa shanunsa allura, sannan ya ɗaure su a gida ya riƙa kai musu ruwa a bokiti. Ya yi dariya ya ce, "To, Mai Allurar Ruwa ya yi magana."

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ana kirana da wannan suna a Burumburum. Yanzu da wasa ake faɗa, jikokina ma sun ɗauka wata sarauta ce. Amma ran da aka laƙaba mini shi babu wasa a ciki, kuma har gobe ban amsa shi ba.

Sunana Iliyasu, Ila kowa ke cewa. Manomi ne ni kamar ubana, sai dai na taɓa zuwa Kano na yi 'yan watanni ina koyon allurar dabbobi. Na dawo da sirinji na ƙarfe, da wata shuɗiyar kula ta ajiye magani a sanyi, da girman kai wanda ya fi kular nauyi. Magani a Tudun Wada nake ɗaukowa, wurin wata likitar dabbobi, Likita Asabe, mace marar yawan magana.

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba ba zai gane matsayin bijimi ba. Masara ba ta da haƙuri. Idan ruwa ya zauna, kwanaki kaɗan gare ka ka yi huɗa ka shuka, in ka makara ciyawa ta riga ka, shukarka ta tashi a tsaitsaye kamar marar lafiya. Bijimai biyu da garma su ne ke tsakanin gida da yunwa. Boru kuma ba ya cika kashe babban sa. Kwantar da shi yake yi, daidai makonnin da kake bukatarsa a tsaye.

Don haka tun kakanni muna da hanyarmu. Da an ji ƙishin-ƙishin ɗin boru, kowa sai ya kai shanunsa turke a cikin gida. Ba zuwa rafi, ba kiwo a burtali inda garken Fulani ke bi, ba aron sa ko ga ɗan'uwa. Maza su yanko ciyawa, mata su yi ta jan ruwa a rijiya har tafin hannu ya yi kanta. Wahala ce ta gaske, kowa yana ƙorafi, amma tana tsare mafi yawan shanun gari.

Bazarar waccan shekara ta yi zafi irin wanda kaji ke buɗe baki a inuwa. Rijiyoyi suka ja baya, guga ta riƙa dawowa da rabin laka. Da tsakar rana ba ka jin komai sai kukan kurciya, ko ganyen mangwaro ba ya kaɗawa. Harawa ta ƙare, shanu suka koma cin ƙaiƙayi da 'yar dusa da kanwa, haƙarƙarinsu a fili. A cikin wannan zafi Likita Asabe ta ce mini an samo allurar rigakafin boru, abin da ba mu taɓa gani ba a wajenmu. Ta ce tana karewa ƙwarai idan an yi kafin damina. Ta ƙara wasu maganganu, amma ni hankalina ya riga ya isa gida, ina ganin kaina a tsakiyar gari ana sa mini albarka.

Na bi gida-gida, kowa ya ce sai ya ga abin da Habu ya yi. Yaya Habu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Yana da fararen bijimai biyu waɗanda mutane ke tsayawa a hanya su kalla, kuma a harkar noma maganarsa ce ake bi. Na same shi a gindin rumbu yana gyara igiya.

Ya ce, "Ila, in na bari ka soka musu wannan abin, boru ba zai taɓa su ba?"

Na ce, "Yaya, ko ƙwarya ɗaya suka sha ruwa da mai ciwon."

"Ka tabbata?"

"Bana matan garin nan sun huta da jan guga. Ba turke, ba komai."

Ba wanda ya sa wannan magana a bakina. Ni na ƙera ta, don ina so wana ya dube ni da girma. Ya miƙe ya riƙe mini hancin sa, na yi allura. Kafin sati ya zagayo na yi wa kusan duk shanun huɗar garin.

Ruwa ya sauka da wuri, kuma da kyau. Ƙasa ta yi laushi, gara ta fito, kwaɗi suka cika fadama da kuka. Sai labari ya zo cewa garken da suka hauro daga kudu ta burtalin Falgore suna ɗingishi, bakinsu yana dalala. Matata Hansai ba ta jira kowa ba, ta ja bijimanmu ta ɗaure a turke. Na dawo na kwance su.

Ta ce, "Malam, me zai ragu in sun kwana biyu a gida? Ni ce mai jan ruwan, ban ce na gaji ba."

Na ce, "In aka ga shanun mai allura a ɗaure, wa zai yarda da allurar?"

Na kora su rafi da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don kowa ya gani. Kowa kuwa ya gani. Washegari duk shanun Burumburum suna rafi, suna shan ruwa a inda garken Fulani suka sha da safe. Aka ci gaba da aron shanu kamar kullum, na gidan nan su yi huɗa a gonar can.

Ba a rufe sati biyu ba farin san Yaya Habu na dama ya ƙi cin dusa. Na je na buɗe bakinsa, harshen ya yi ƙuraje masu ruwa, fatar tana saluɓewa a hannuna. Jikinsa zafi rau, yawu yana zuba har ƙasa kamar zare. Tsakanin kofatonsa ya tsage. Na ɗago kai, Yaya Habu yana tsaye a kaina. Kwana uku bayan nan babu gidan da ba a jin wannan ƙara ta leɓen sa mai ciwo, tsut, tsut, da warin kofato mai ruɓa. Nawa ma suka kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kyawun daminar. Ruwa yana zuwa da yamma, rana ta fito da safe, ƙasa tana kiran garma, garemani kuwa suna jingine a bango suna tsatsa. Muka koma wanke bakin shanu da ruwan kanwa, muna jiƙa bagaruwa muna zuba wa kofato, muna cire tsutsa da tsinke. Maruƙa ƙanana suka yi ta mutuwa. Ciyawa ta rufe gonaki muna kallo.

A bakin masallaci aka fara. Wani ya ce ruwan randa na ɗura a kwalba na bi gari ina soka wa shanu. Kafin la'asar sunan ya zagaye gari. In na yi sallama a majalisa sai a amsa a ciki-ciki, hira ta mutu har sai na wuce.

Da shanu suka kwanta, sai gari ya koma gayya, wato a taru yau a gonar wannan da garmar hannu, gobe a ta wancan, mai gona ya ciyar. Na je ta kowa. Na yi huɗa a gonar wanda ya zage ni, na yi a ta wanda ya tofar da yawu da ya gan ni, bayana kamar zai karye. Da layi ya zo kaina na sanar kamar yadda aka saba. Hansai ta sa aka buɗe rumbu, aka kwaso kusan duk abin da ya rage. Tun asuba take kan murhu, hayaƙin ɗanyen itace yana sa ta hawaye, ta tuƙa tuwon masara na mutum talatin da miyar kuka, ta dama kunu babbar randa.

Na isa gona da hantsi na zauna a kan kunya. Rana ta ɗaga. Mutum ɗaya ya zo, mai gangar noma, shi ma ina jin ba wanda ya gaya masa an fasa. Ya ɗan taɓa gangar, ya duba gabas ya duba yamma, ya ci malmala biyu, ya yi mini sannu ya tafi. Daga inda nake ina jiyo waƙar gayya a wata gona can ƙetaren rafi, har ina iya ware muryar Yaya Habu a ciki.

Da azahar sai ga Hansai da akushi a ka. Ta dubi gonar, ta dubi tulin garemanin da na aro, ta sauke akushin. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ɗaure zaninta tamau ta ce, "Malam, miƙo mini ƙaramar nan. In suna jira mu je mu durƙusa ne, sai dai su gaji da jira." Muka yi huɗa mu biyu har rana ta faɗi, ba mu ci ko rubu'in gonar ba. Tuwon nan kuwa ɗumamensa muka yi ta ci da yara har ya yi tsami, sauran muka zuba wa kaji.

Ni na san ba ruwa na yi ba, amma ban san me ya faru ba, wannan kuma ya fi zagin hana ni sukuni. Na hau keke na nufi bakin dajin Falgore, laka tana kama taya, ina sauka ina turawa. Na sami Arɗo Bello, dattijon rugar da ciwon ya fara bayyana, yana zaune a kan buzu garkensa a kwance kewaye da shi. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi shanu, na yi masa jaje. Sannan ya nuna mini wata jar saniya da sandarsa.

Ya ce, "Malam, ka ga naggen can? Bara ta yi boru, ta warke. Tun ina yaro, wadda ta yi bara ba ta yi bana. Ga ta nan kwance. Duk waɗanda suka yi bara sun sake yi. Wannan ba borun da muka sani ba ne, baƙo ne."

Washegari na tafi Tudun Wada da wannan magana. Na shiga shagon Likita Asabe a fusace, na dire mata kwalbar da ba komai a ciki na ce ta gaya mini gaskiya, me ta ba ni. Ta bar ni na gama, sannan ta sa na maimaita abin da Arɗo ya ce.

Ta ce, "Zauna, Malam Ila. Abin da ke kawo boru ƙwaya ce da ido ba ya gani, kuma ba iri ɗaya ba ce, zuriya-zuriya ce. In ta shiga jikin sa sai ta yi ta buga kwafin kanta, dubbai a kan dubbai, cikin gaggawa, ba mai duba mata kuskure. Kowane kwafi yana ɗauke da rubutun gadonta, wanda shi ke tsara yadda jikinta zai kasance. Sai harafi ya sauya nan, wani ya sauya can. Yawancin masu kuskuren ba sa zuwa ko'ina. Amma wata sai kuskuren ya faɗa a kan fatarta ta waje, ta fito da wata siffa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina ruwan allura da siffarta?"

"Da wannan siffar jikin dabba yake gane ta. Allura ba kashe cuta take yi ba, nuna wa jinin sa alamar cutar take yi, kamar yadda Arɗonka yake gane saniyarsa da tsagar kunne. Ita allurar da ƙwayar da aka kama a wani wuri, a wata shekara aka haɗa ta. In wadda ta zo muku 'yar gidan ce, jiki zai tare ta. In ta ɗan yi nisa, zai tare ta rabi da rabi, ciwon ya zo da sauƙi. In kuwa wata zuriya ce daban, sai ta wuce kamar ba a yi komai ba. Ai na gaya maka wannan ran da ka ɗauki maganin, na ce ko an yi allura a ci gaba da killace shanun."

Sai na tuna maganganun da ta ƙara ran nan, waɗanda ban saurara ba.

Ta ce, "Wa ya ce mutanen garinku su saki shanu?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ba ni wata 'yar kwalba mai ruwan magani, ta ce in koma ruga in yanko fatar harshen saniyar da ciwon ya kama sabo, za ta aika ɗakin bincike a duba wace zuriya ce. Na yi haka a ranar, na dawo da ita kafin magariba.

Cikin satin mai gari ya kira ni zaurensa. Zauren ya cika, har a waje ana leƙe. Mai gari mutumin kirki ne, so yake a kashe wutar. Ya ce, "Ila, kowa ya san gidanku. Ba ma zaton ka yi da gangan. Ka faɗa a gaban jama'a cewa matar nan ta Tudun Wada ta sayar maka da jabu, kai ma cutarka aka yi. Shi ke nan, a yafi juna."

Yaya Habu ya juyo gare ni, karo na farko tun ran da sansa ya kwanta. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Faɗi mana, Ila. Kowa ana cutarsa. Faɗi mu tashi."

Wallahi na so in faɗa. Kalma uku ce, "ta cuce ni," in koma cikin 'yan'uwana, a zo mini gayyar noman biyu. Amma matar ba ta cuce ni ba, kuma ni na gaji da faɗin abin da mutane ke so su ji, don shi ya kai mu inda muke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin ba jabu ba ne, ba kuma ruwa ba ne. Ciwon ne ya zo da wata zuriya da maganin bai sani ba. Laifina ɗaya ne, kuma babba ne. Ni na ce a saki shanu, alhali an ce mini a killace su. Wannan na ɗauka, ku yi mini hukuncin da kuka ga dama. Amma ba zan ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba."

Wani daga baya ya ce, "Ji wani zance! Yo ciwo ma zuriya gare shi? Wa ya ɗaura wa iyayensa aure?" Zaure ya fashe da dariya. Yaya Habu bai yi dariya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "An ba ka ƙofa ka ƙi fita. To zauna a ciki." Ya sa takalmi ya tafi.

Sai marka ta zo. Kwana da kwanaki sama a rufe, yayyafi ba ya ɗaukewa, katangu suna jiƙa suna zubewa, itace ya ƙi kama wuta. Shanu suka fara miƙewa, amma lokacin huɗa ya riga ya wuce, masarar da aka shuka a makare ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya. Rumbunmu ya zama ɗakin ɓera. Hansai ta koma auna gari da gwangwanin madara. Da safe kunu ne tsararo wanda kana iya ganin gindin kofi, da rana kwaɗon rama ko tafasa da ɗan ƙuli, da yamma in an samu fate, in ba a samu ba a sake kwaɗo. Yaranmu huɗu suka daina wasa a tsakar gida, sai su zauna a bakin murhu suna kallon tukunya. Ni da ita mukan ce mun ci a waje, ita ta san ƙarya nake, ni ma na san ƙarya take.

Ba gidana kaɗai ba, duk garin haka yake, kuma ko wane gida ya san sunan wanda ya jawo. Farin san Yaya Habu na dama kofatonsa ya cire gaba ɗaya, bai ƙara takawa daidai ba. Ranar kasuwa na ga mahauta sun zo sun ɗora shi a mota. Wana yana tsaye a ƙofar gida riƙe da igiyar da aka kwance daga wuyansa. Na taka zan je, ya juya ya shige ciki. A masallaci in na tsaya kusa da shi sai ya sake sahu.

Matasan yanzu masu allurar dabbobi in sun ɗauki irin wannan fatar harshe, ba a daɗewa saƙo yake shigowa wayarsu. Mu sai bayan an yi kaka, an kwashe ɗan abin da aka samu, sannan takarda ta iso. Likita Asabe ta karanta mini, ta fassara. Zuriyar da ta kwantar da shanunmu ba ta cikin waɗanda aka haɗa allurar da su. Na naɗe takardar na sa a aljihu kamar na tsinci zinariya. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe na yi bayani da ƙarfi. Wani tsoho ya ce, "To mun ji. Takardar za mu tuƙa mu ba yara?" Mutane suka watse. Yaya Habu tun ina tsakiyar magana ya fice.

Hansai ta ce in sayar da sirinjin in huta. Na ce ko zan mutu a kai, ba zan bar garin nan da wannan suna ba.

Da bazara ta zagayo Likita Asabe ta samo wata allurar, wadda aka haɗa har da zuriyar da ta zo mana. Da za ta ba ni ta ce, "Maganin nan sanyi ne ransa. In ya kwana ya wuni a zafi, ya tashi daga aiki, ko da idonka bai ga ya sauya ba." A lokacin ba mu da firji mai aiki da hasken rana irin wanda ke shagon bakin titi yanzu. Ƙanƙara na saya a Tudun Wada, na cika kula, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, na yi ta taka keke a guje.

Na kafa zama a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Na fara da bijimaina, a gaban kowa. Sannan na ɗaga murya na ce ga allura ta zo, tana taimakawa ƙwarai, amma ba na rantsuwa a kanta, don ciwon yana iya sake sauyawa, kuma ko an yi, in boru ya ɓulla sai a kai shanu turke. Masu wucewa suka yi ta dariya. Wani ya ce bai taɓa ganin mai talla yana kushe kayansa ba.

Ranar farko ba wanda ya kawo ko akuya. Rana ta biyu ma haka. Ina zaune ina jiƙa buhun, ina matsar da kular duk inda inuwa ta koma, ina jin ƙanƙarar tana motsi a ciki tana raguwa. Kafin la'asar ta zama ruwa. Rana ta uku na sake fitowa, don taurin kai kawai, ba don ina da abin yi ba. Zafin ranar har ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Da na tsoma hannu a kular bayan azahar, ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri, kwalbar ma haka. Na ɗaga ta a haske. Maganin yana nan fari tas, yadda aka ba ni shi.

Ina riƙe da ita sai na ji kasuwa ta yi tsit. Yaya Habu ne yake tahowa ta tsakiyar rumfuna, yana jan farin sansa da ya rage da wani ɗan jan bijimi da ya haɗa masa. Ya rame, furfura ta cika masa gemu a shekara ɗaya. Mutane suka bar ciniki suka biyo shi. Ya tsaya a gabana, bai gaishe ni ba, bai dubi fuskata ba. Ya kama hancin farin ya karkatar mini da wuyansa ya ce, "Soka."

Wata goma ina jiran wannan kalma. Sirinji yana gefena a wanke. Ba wanda ya taɓa kwalbar sai ni, ba wanda zai sani. In na soka, kafin magariba shanun garin duka suna gindin tsamiyar nan, gobe in tsaya kafaɗa da kafaɗa da wana a sahu. Hannuna har ya kai kan sirinjin.

Na ce, "Yaya, maganin ya lalace. Tun jiya ƙanƙara ta narke."

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, "Ga shi nan a hannunka lafiya lau."

"A ido ne."

"Ila, a gaban mutanen nan na jawo shanuna na kawo maka. Ka san abin da ya ci mini kafin in fito?"

Na ce na sani. Na tona ɗan rami da dunduniya, na ɓalle murfin kwalbar, na tuntsurar da ita. Maganin ya zuba, ƙasa ta shanye shi nan take. Wata mata mai sayar da daddawa ta yi salati. Na ce, "In na soka maka wannan, yau ne zan zama abin da kuke kirana."

Yaya Habu ya daɗe yana kallon ramin. Ƙuda yana sauka a hancin sa yana tashi. Ni dai na riga na sallama, na ce a raina ya tafi ke nan har abada. Ya saki hancin san, ya naɗe igiyar a hannu a hankali.

Ya ce, "Yaushe za ka ɗauko wani?"

Na ce, "Jibi, in Allah ya kai mu."

"A wannan ruɓaɓɓen keken naka? Kafin ka iso ya sake narkewa." Ya ja shanunsa ya juya, ya yi taku biyu, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ka zo ƙofar gida bayan sallar asuba. Ni zan tuƙa babur, kai ka rungume kular."